Kalangu a Ɗakin Malam

Duk wanda ya san gidan Malam Abdulhamid na Ƙofar Jatau ya san ba gidan kiɗa ba ne. Gidan karatu ne tun kaka da kakanni, gidan da ko daka mata za su yi sai sun sassauta hannu, kada luguden ya yi daɗi a ce da gangan ne. In aure ya tashi, a ɗaura a zaure, a raba goro da dabino, a ci waina, kowa ya kama gabansa. To a irin wannan gida ne Hajiya Mariyamu, ƙanwar Malam ɗin, ta kafe kai da fata ta ce sai an kawo makaɗa bikin Su'ad, 'yar autar yayanta.

Kada ku ce rigima ce kawai irin ta tsohuwar hedimistires, ko da yake rigimar ma akwai ta, don Mariyamu ta yi shekara da shekaru tana juya makarantar firamare da ɗan yatsa, kuma ritaya ba ta rage mata murya ba. Dalilin ya wuce haka. Marigayiya Radiya, uwar Su'ad, 'yar Tudun Wada ce, gidan 'yan kasuwa, inda ko suna aka yi sai kalangu ya tashi. Aka kawo ta cikin Birni shiru kamar an kawo buhun gero. Ba ta riƙe abin a zuci ba, sai ta mai da shi abin tsokana. In suna tsintar shinkafa da Mariyamu ta kan ce ita dai an yi mata aure ba a taka mata rawa ba, amma ranar auren 'yarta, wallahi sai ƙasa ta san an taka ta. Allah bai nuna mata ranar ba. Da aka sa ranar Su'ad, yarinyar ta sami gwaggonta a ɗaki, ta yi ta murza bakin mayafi, can ta ce ita abu guda take so a bikin nan, kalangu na gaske, irin wanda Ummanta ke kwatanta mata da bayan kwano. Mariyamu ta dafa ƙirji ta ce ta bar mata wannan a hannunta. Alkawari kuwa kaya ne, kuma ta riga ta ɗauka.

Yadda ta kai ruwa rana da Malam, ba sai na cika ku da surutu ba. Mutum ne da ba ya faɗa, shiru yake yi, kuma shirunsa ya fi faɗan wani ciwo. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ranar da ya ɗago kai daga littafi ya ce to, ya ji. Amma a yi abin a ɗakin taron da aka kama can wajen Ƙofar Doka, a fara bayan la'asar, a tashi kafin ladan ya kira magariba, kuma a ƙarƙashin rufin gidansa kada a yi ko bugu ɗaya. Ya ƙara da cewa tunda ita ta gayyato su, ita za ta ji da su, ci da sha da masauki. Mariyamu ta ce ai wannan mai sauƙi ne. Su'ad ta yi murna, amma murna ce mai ɗan miki a ciki, don tun daga ranar take ganin kamar Babanta yana kau da ido in ta durƙusa gaishe shi.

Makaɗan daga Funtuwa aka ɗauko su. Shugabansu Bahago, dattijo siriri mai furfura a gemu, shi ke riƙe da kalangu. Sai Kande mai waƙa, da Tanko mai fiyano, da wasu samari biyu, mai jita da mai ganga. Mariyamu ta taɓa jin an ce makaɗi da agogo ba sa ga maciji, saboda haka ta addabi Bahago da kiran waya har ya haddace lambarta, ta ce ita dai hantsi ya yi musu a Zariya. Hantsin kuwa ya yi musu, ko da yake ba a ga ranar da za a ce hantsi ne ba. Tsakiyar marka ake. An kwana biyu rana ba ta leƙo ba, indararo na zuba ba hutu, katangu sun jiƙe sharkaf, gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa. Motarsu ba ta iya shiga lungun gidan, sai aka wuce da sifiku da fiyano da janareto kai tsaye ɗakin taro. Bahago ne kawai ya ƙi rabuwa da kalangansa biyu, ya sauko da su naɗe cikin bargo, bargon kuma cikin leda, rungume a ƙirji.

Ta sauke su a sashen marigayiya Iya, kakar su Su'ad, wanda ke da ƙofarsa ta baya. Ga kuma inda gizo ke saƙar. Tunda aka haifi Mariyamu ba ta taɓa saukar makaɗi ba. Malamai ta saba sauka, masu zuwa daga nesa su duba littafi a wajen yayanta. Shi kuwa malami an san karamcinsa: a cika masa ciki, a sanyaya masa maƙogwaro, a adana masa kayansa a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi da natsuwa. Ta kuma ƙudurta a ranta ba za a ce don makaɗa ne an rage musu komai ba. Sai ga tuwon shinkafa miyar taushe, ga waina, ga dambun nama, ga zoɓo har yana gumi don ƙanƙara, ga fura da nono cikin ƙwarya ɗaukar mutum biyu.

Kande ta dubi zoɓon ta yi godiya, ta ce in ba za a damu ba a ba ta ruwan ɗumi da ɗan citta, don ƙanƙara da maƙogwaron mai waƙa ba sa shiri. Mariyamu ta ce a ranta, ji min iyayi, amma ta je ta haɗo da kanta har da zuma. Bahago shi ma ya yi bayani cikin ladabi cewa su ba sa cika ciki kafin aiki. Nan fa ta sa masa ido irin wanda take sa wa 'yan aji shida, ta ce a gidan nan ba a taɓa mai da ƙwarya ciki da abu ba. Bawan Allah ya ga ba mafita, ya kama ludayi. Fura kuwa ba ta ƙyale kowa, barci take sawa. Su Tanko suka tafi haɗa kaya a ɗakin taro, Kande ta shiga wajen mata, shi kuwa Bahago ya ce bari ya ɗan miƙe ƙafa, ko minti biyar bai yi ba ya fara minshari.

Da Mariyamu ta zo kwashe kwanuka ta tarar da ƙunshin kalangan a bakin ƙofa, tsakanin takalma da tire, ga yaran biki na shige da fice. Ranta ya ɓaci. Wannan ai wulaƙanta kayan baƙo ne, kuma wane irin mutum ne ke naɗe kayan fata a leda, salon su yi gumi? Ta ɗauke su a hankali ta kai su ɗakin randa, wanda duk gidan ba inda ya kai shi sanyi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma kusa da manyan randunan Iya, ta warware leda, ta warware bargo, ta jera su su sha iska, har taga ta buɗe musu. Ta fito tana jin daɗin kanta, ta ja ƙofa.

Bayan azahar Bahago ya farka, ya yi salla, ya shafa gefensa bai ji kaya ba. Ta kai shi ɗakin da fara'arta tana jiran godiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kalangan. Ya durƙusa, ya ɗora babban yatsa a kan fatar, yatsan ya lotsa kamar an danna ƙullun waina. Ya sa ɗaya a cikin riga, ya fita ta ƙofar baya, ya yi nisa da gidan har ƙarshen lungu, ita tana biye da lema. A ƙarƙashin wata rumfa ya ɗaga gula, sandar kiɗan, ya buga sau ɗaya. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, ka ce an mari katifa.

"Hajiya," in ji shi, "fatar ta sha ruwa ta iska. Laifina ne da na yi barci ban gaya miki ba. Yanzu sai rana, ko garwashi."

Mariyamu ta ɗaga kai ta dubi sama. Hadari ne baƙi ƙirin daga gabas har yamma. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, don garin neman gira ta je ta rasa ido, kuma da hannunta. Abin da ya fi ƙona mata rai ma shi ne mutumin bai ko ɗaga mata murya ba, da ya yi faɗa ai da ta sami abin mayarwa.

Tanko da aka kira a waya ya ce kada Hajiya ta damu, fiyanonsa yana da sautin kalangu a ciki, Bahago ya rataya nasa kawai yana motsa hannu, ba wanda zai gane. Ta ce ba wanda zai gane sai amarya da ita, su biyun kuwa su ne bikin. Kiɗan na'ura ai kowa yana da shi a waya, ba don shi aka ɗauko mutane daga Funtuwa ba.

Aka shiga neman wuta. Kai, ranar Mariyamu ta san zamani ya canza. Gida cike da abinci, amma duk daga wajen masu girkin haya aka kawo shi a kuloli, ba murhu ko ɗaya da aka hura. A kicin gas ne, Bahago ya ce harshen gas fasa fata yake yi. Mai kwalliyar amarya ta ce tana da abin busar da gashi, sai aka tuna an ɗauke wuta tun safe, janareto kuma yana Ƙofar Doka. Maƙwabta duk sun kulle sun tafi ɗakin taro kama kujera. Mai gawayin bakin titi ya buɗe buhu, gawayin har ɗiga yake. Ta sayo duk da haka, ta yi ta fifita a zaure har idonta ya yi ja, ba abin da ta samu sai hayaƙi da tari. Tana yi kuwa tana sane sarai cewa akwai wuta a gidan, guda ɗaya tak, kuma ta san inda take.

Malam yana da ɗakin littattafai, soro ne na da, cike da rubuce-rubucen kakanni a cikin gafaka, wato jakunkunan fata da ake adana littafi. Duk damina ba ya raba ɗakin da garwashi don kada laima ta ci takardu, gawayinsa kuwa a akwatin ƙarfe yake ɓoye shi. Kaskon da yake hura wutar na Radiya ne, kaskon turaren wuta mai ƙafa uku da ta zo da shi cikin kayan aurenta. Kullum kuma sai ya ɗan barbaɗa turaren da ta haɗa da hannunta, daga wata kwalba da yake tattali kamar magani. In an tambaye shi ya ce don ƙwari ne. Mariyamu dai ta san ba ƙwaron da ke gudun wannan ƙamshi, amma ba ta taɓa cewa komai ba.

Ta daɗe a ƙofar ɗakin kafin ta yi sallama. Ya amsa, ta shiga ta durƙusa, ɗumi ya buge ta har ta ji hancinta ya buɗe.

"Yaya Malam, garwashi na zo roƙo."

"Na mene ne?"

Ta so ta ce na turara kayan amarya ne. Maganar har ta zo bakinta. Sai ta ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta kwashe labari kaf ta gaya masa, tun daga fura har katifar da aka mara a ƙarshen lungu. Tana faɗa muryarta na rawa, ita da ba a taɓa jin muryarta ta yi rawa ba ko a gaban sufeto. Ta ce ta san ba ya son abin, ta san ita ta ja, amma ta yi wa yarinyar nan alkawari, kuma in ta saɓa ba ta san da wane ido za ta dube ta ba.

Malam ya cire tabarau ya ajiye a kan littafi. Ya tambaya wa ya kai kayan ɗakin randa, ta ce ita. Ya tambaya ko mutumin ya sani aka ɗauka, ta ce a'a. Har ta fara tattara zane za ta tashi, sai ya yi magana.

"In kin fita da garwashi cikin wannan iska, kafin ki kai ya mutu, ɗakin can kuma jiƙe yake," ya ce. "Kayan sana'ar baƙo amana ne. A gidanmu suka lalace, a gidanmu za a gyara. Ce wa mutumin ya shigo da su."

"Nan ɗakin, Yaya?"

"Nan. Amma sharaɗina yana nan yadda yake."

Da a ce wani ne ya ba Mariyamu labarin abin da ta gani bayan wannan, da ta ce ƙarya yake yi. Bahago ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya shigo a sunkuye yana Allah gafarta Malam, rungume da kalangai kamar ya sato su. Malam ya nuna masa buzu ya zauna. Bahago ya matso da kalangu kusa da kasko, Malam ya ce a'a, ja baya kaɗan, fata ba ta son gaggawa, in ta ji zafi farat ɗaya sai ta bushe a baki ta bar tsakiya. Bahago ya ɗago kai ya dube shi, ya ce wallahi haka babansa ke faɗa. Malam ya sauke gafaka biyu daga maratayi ya ce a rataye kalangan a gurbinsu, inda ɗumi ke taruwa. Sai ga su sun shiga hira, wai fatar wace irin akuya ta fi ƙarko, wace irin jima ke sa ta wari da damina, me ake shafa mata in ta fara tsagewa. Ɗaya yana juya kalangu, ɗaya yana gyara garwashi da ɗan ƙarfe. Da hannun Bahago ya gaji, Malam ya miƙa nasa ya karɓa ya ci gaba da juyawa, bai fasa maganar da yake yi ba. Can ya jawo kwalbar nan ya barbaɗa turare kamar yadda ya saba.

Ita kuwa Mariyamu tana bakin ƙofa kamar ta hau bori. Waya sai ƙara take yi, ɗakin taro ya cika, amarya ta shirya, dangin ango sun iso, ina makaɗa? Su kuma mutanen nan biyu ko a jikinsu. Jifa-jifa Bahago ya danna fatar da yatsa, Malam ma ya danna, su dubi juna su girgiza kai, a ci gaba. Har aka kira la'asar. Malam ya tashi ya fita, don shi ke jan salla a masallacin ƙofar gida. Bahago zai bi shi, ta tare shi da raɗa ta ce ga dama ta samu, Malam ya fita, ya ɗan taɓa sau ɗaya a ji ko ya yi.

"Haba Hajiya," in ji Bahago. "Mutumin da ya buɗe mana ɗakinsa ba ma cin bayansa. In ya yi za mu ji a can."

Ya bi Malam masallaci. Aka bar ta ita kaɗai tana juya kalangai, ga gula ajiye kusa da gwiwarta, ta yi sallarta a nan ta sake zama, kuma Allah ne shaida ba ta taɓa gular ba, ko da yake hannunta ya yi ƙaiƙayi.

Da suka dawo Bahago ya danna fatar, ya daɗe yatsansa a kai, ya ce yana dai kyautata zato. Matsalar ita ce ruwa ya sake kecewa, in aka buɗe su a waje don gwaji aiki ya koma baya, bargonsa kuma yana can ɗakin randa ya yi sanyi ƙalau. Malam ya janye bargon da yake rufe ƙafafunsa da shi in yana karatu, ya miƙa. Aka naɗe kalangai da ɗuminsu, aka sa leda, aka ruga mota. Duk tsawon hanya, ana kutsawa tsakanin 'yan acaɓa da kwatamin da ya cika ya batse, Mariyamu ba abin da take yi sai salati.

Suka tarar da ɗakin taro ya cika maƙil, mata sun fara ƙunƙuni, 'yan Tudun Wada dangin Radiya sun haɗa kai suna cewa dama sun sani, bikin cikin Birni ai sai a hankali. Su'ad na zaune a kujerar amare lulluɓe da mayafi, kanta a ƙasa. Tanko ya ɗora yatsa a kan maɓallin nan nasa yana jiran ko-ta-kwana, Mariyamu ta watsa masa harara, ya janye hannu. Bahago ya warware bargo a natse, ya rataya kalangu, ya matse shi a hammata, ya ɗauki gula da hagunsa.

Bugun farko ya fito tas, siriri, mai kaifi, ya ratsa ɗakin har bango. Na biyu ya bi shi, sai kalangu ya buɗe baki ya fara magana. Wata tsohuwa daga dangin Radiya ta rangaɗa guɗa, ganga ta shigo, jita ta shigo, Kande ta ɗauki waƙa da muryar da ruwan citta ya wanke. Mariyamu ta lallaɓa ta zauna a hannun kujerar amarya tana alhamdu lillahi a fili, ba ta damu da wa ke jin ta ba.

Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, wajen mai biki yake nufa. Bahago ya taho yana kiɗa, taku ɗai-ɗai, har ya zo gaban amarya ya rusuna, kalangun na dab da mayafinta. Sai Mariyamu ta ji an damƙe mata wuyan hannu. Su'ad ce, ta ɗago kai, idanunta a buɗe.

"Gwaggo, turaren Umma nake ji."

"Shi ne. A ɗakin Babanki kalangun ya sha wuta."

"Baba ya sani?"

"Da hannunsa ya yi ta juya shi."

Hawaye suka zubo wa yarinyar suka ɓata aikin da mai kwalliya ta wuni tana yi. Ba wanda ya ce ta tashi, ba ƙawar da ta ja ta. Da kanta ta miƙe, ta gyara mayafi, ta shiga fili. Ƙannen uwarta suka rufa mata baya, ƙasa kuwa ta san an taka ta. Har Mariyamu sai da aka jawo, matar da ba ta taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba, ta yi wani abu mai kama da korar kaji, aka yi ta dariya, ita ma tana yi tana share ido. Ana tsakiyar daɗi, tun ladan bai ko gyara murya ba, Bahago ya dafe fatar da tafin hannu, kiɗa ya tsaya cak. Mata suka yi ta roƙo a ƙara ko kaɗan, ya ce a yi haƙuri, akwai alkawari.

A bakin mota Mariyamu ta rasa irin godiyar da za ta yi wa Bahago. Ta ce ta ɓata masa kaya bai yi fushi ba, ta nemi ya saɓa bai saɓa ba, Allah ya saka masa da alheri, ya raya masa zuriya. Ya yi dariya ya ce shi ne da godiya, ya shekara arba'in yana kiɗa ba a taɓa zaunar da shi a buzun malami ba sai yau. Ya ninke bargon Malam da kyau ya ba ta ta mayar. Ya kuma roƙi arziki ɗaya, in Allah ya sake kawo shi gidan a rage masa fura.

Bayan magariba aka kai amarya ta yi sallama da mahaifinta kafin a wuce da ita gidan miji. A ɗakin littattafai suka same shi, gafakan nan biyu sun koma maratayinsu. Su'ad ta durƙusa, ya yi mata nasiha gajera kamar yadda ya saba, ya sa mata albarka. Mariyamu ta ajiye bargon a gefensa, ta buɗe baki za ta jero godiyar da ta shirya tun a mota, sai ya riga ta.

"Fatar ta riƙe?"

"Ta riƙe, Yaya. Har aka tashi."

Ya gyaɗa kai. Su'ad ta ce daga cikin mayafi, da muryar da ta sha kuka, "Baba, na gode da wuta."

"Ba tawa ba ce, ta mahaifiyarki ce."

Ya jawo kaskon, ya juye sauran garwashin a wani tsohon kwano, ya kakkaɓe tokar, ya naɗe shi a ƙyalle tare da kwalbar turaren, ya tura gabanta. Mariyamu ta ce to littattafan fa, ga damina da saura? Ya ce kwano ma yana riƙe wuta.

Amarya ba ta ɗaukar kaya, saboda haka Mariyamu ce ta rungumo ƙunshin zuwa mota. Ta zauna kusa da Su'ad ta ɗora shi a cinya, aka tayar, ana ta addu'o'i ta taga. Kaskon bai huce ba, ɗuminsa na ratsa ƙyallen. Ta kamo hannun yarinyar ta ɗora a kai, haka suka riƙe shi su biyu har suka fita Ƙofar Doka.